Haɗa Baƙi

In Bahaushe zai ce yaro ya kama hanyar karatu, cewa yake yi ya fara haɗa baƙi. In kuma zai kushe babba, sai ya ce wane ko baƙi bai sani ba. Kalmar nan ta daɗe tana yi mini yawo a ka. Gaɓa biyu ce tak, amma an ɗora mata kaya iri-iri. Launin gawayi ce, launin daren da wata bai fito ba. Ita ce kuma sunan harafi, ɗan abin nan da ake jerawa a kan allo ko takarda har magana ta tashi. Wanda ya fara kiran harafi da sunan launinsa abin da idonsa ya gani ya faɗa: tawada ce kwance a kan allon da aka wanke.

A zancen yau da kullum baƙi bai cika samun alheri a bakinmu ba. Baƙin ciki, baƙin jini, baƙar magana, baƙar aniya, baƙar wahala, baƙin talauci. Fari ne ɗan gata, shi ke da farin ciki da farin jini da farin wata, ko da yake shi ma bai tsira gaba ɗaya ba, tunda babu mai son a ce da shi mai farar ƙafa. Makaɗan maza, in za su zuga ɗan dambe ko mafarauci, sukan jingina masa baƙi don a ji shakkarsa, masu waƙar soyayya kuma sukan yabi baƙar fata mai sheƙi. Amma wurin da baƙi ya samu cikakkiyar daraja, ba tare da tsoro ko lallashi ba, shi ne fagen ilimi. A nan ne karin maganar nan ta zauna daram, wadda ke cewa baƙar tukunya ita ke fid da farin tuwo.

A makarantar allo, matakin farko sunansa babbaƙu. Ƙolo zai zauna gaban malam yana rera sunayen haruffa zalla, babu wasali ko ɗaya, har su zauna masa a ka. In ya ƙware sai a kai shi mataki na biyu, inda ake ɗora wa kowane harafi wasalinsa, ya koyi bambanta fataha da kisira da rufu'a. Sunan wannan matakin farfaru. Babbaƙu jam'in baƙi ne, farfaru jam'in fari. Ke nan tun kafin injin buga littafi ya iso ƙasar Hausa, malamanmu sun raba karatu gida biyu, baƙi da fari, sun kuma nuna cewa ɗaya ba ya tashi sai da ɗaya. Baƙi zalla bebe ne. Sai an sa masa farinsa yake buɗe baki.

Duk wanda ya zauna kusa da masu tsara littafi ko jarida zai ji wannan rabon bai zame masa sabo ba, domin sana'arsu gaba ɗaya a kansa take. Amma kafin in kai can, bari in ɗan daɗe a gindin allo, don akwai dukiya a wurin da muke wucewa ba mu kula ba.

Ku saurari sunayen da almajiri ke rerawa. Ba guje, ta guje. Lam jaye, lam ara. Mim jaye, nun guda, nun ara. Ha kuri, ta kuri. Ɗa mai hannu. An baki wofi, an likkafa. Waɗannan ba sunayen Larabci ba ne, ko da yake haruffan na Larabci ne. Malaman Hausa ne suka dubi kowane harafi, suka lura cewa surarsa tana sauyawa gwargwadon inda ya tsaya a cikin kalma, suka raɗa wa kowace sura sunanta. Harafin ba, in yana farkon kalma ya miƙa jiki zuwa ga na gabansa, gudu yake yi, sai aka ce ba guje. Lam da aka ja shi ya haɗe da maƙwabcinsa, jaye. Ainun da ke farkon kalma bakinsa a hangame yake, babu komai ciki, an baki wofi ke nan. In ya shiga tsakiya sai ya rufe ya zama ɗan kusurwa uku, wanda duk mahayin doki ya san kamarsa, shi ya sa aka ce an likkafa. Harafin ɗa kuwa sanda ce tsaye a bayansa, hannu ya ɗaga. Wannan ilimin siffar harafi ne cikakke, an tsara shi yadda yaro ɗan shekara biyar zai riƙe, an kuma sa masa kari don ya yi daɗin rerawa.

Masu zana haruffan boko a Turai hanya ɗaya suka bi, jikin mutum da na dabba suka duba. A wurinsu harafi yana da hannu da ƙafa da kafaɗa da wutsiya. Ƙaramin g yana da kunne, ɗan abin da ya leƙo a samansa ta dama. Ƙaramin e yana da ido. S yana da gadon baya. Zagayen b da d da p akushi ne a wurinsu. Akwai layin da duk haruffa ke tsayawa a kai, akwai masu miƙa wuya sama irin su b da k da l, akwai masu zura ƙafa ƙasa irin su g da p da y. Sai kuma ɗan dungun da ake yi wa harafi a ƙarshen sandarsa, wanda suke kira serif. Da shi aka raba haruffan boko gida biyu manya. Masu dungu su ne irin Times New Roman, wanda aka zana wa jaridar The Times ta Landan, ta fara fita da shi a 1932. Marasa dungu su ne irin Helvetica, wanda Max Miedinger ya zana a Suwizalan a 1957, da Arial da ya biyo sawunsa. An saba sa masu dungu a dogon karatu, marasa dungu a allunan hanya da na talla, ko da yake wannan al'ada ce, ba doka ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, mutane biyu da ba su taɓa haɗuwa ba, malamin tsangaya da maƙerin haruffa, duk sun kalli harafi sun ga halitta mai gaɓoɓi. Bambancinsu ɗaya: na Turai ya rubuta nasa sunayen a littattafan sana'a, namu ya bar su a bakin yara.

Alaramman da ya zauna rubuta Alƙur'ani da ka shi ma mai tsara shafi ne, ko da ba a taɓa kiransa haka ba. Yana fiƙe alƙalaminsa gwargwadon kaurin da yake so. Yana rubuta baƙaƙen da baƙar tawada, ya dawo ya bi wasulla da ja, ya ɗiga hamza da rawaya, alifin sadarwa kuma da kore. Fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, yadda aka gada daga Magrib tare da ruwayar Warshu. Ya san yawan layin da shafi zai ɗauka, ya san faɗin gefen da zai bari, ya san inda zai sa zayyana ta nuna hizifi ko sujada. Rubutun Kano mai kauri, wanda ake gane shi tun daga nesa a rumfunan littattafai na Kurmi, ya samu karɓuwa har ya zama an riƙa ɗaukar hoton rubutun hannun gwanaye irin su Sharu Bala Gabari ana bugawa da inji, maimakon a jera haruffan ƙarfe irin na Masar ko Bairut. Idon mai karatu ya saba da wannan baƙin, bai yarda da wani ba.

Gutenberg ma da haka ya fara. Lokacin da ya buga Baibul ɗinsa a birnin Mainz na Jamus wajen 1455, layi 42 a yawancin shafuka, ginshiƙi biyu, kwaikwayon hannun marubutan zamaninsa ya yi, rubutu mai kauri da matsatsi wanda shafinsa ke yin duhu har Ingilishi suka kira shi baƙin harafi. Ya ma bar gurabe inda masu jan tawada za su bi da hannu su cike. Sabon abin da ya kawo wa Turai shi ne zuba kowane harafi daban da narkakken ƙarfe, gamin dalma da kuza da wani ma'adini ɗan'uwan kwalli. Daga nan haɗa baƙi ya zama aikin yatsu. Mai jera haruffa yana tsaye gaban akwatuna biyu masu ƙananan gurabe, na sama ɗauke da manyan baƙaƙe, na ƙasa da ke kusa da hannu ɗauke da ƙanana tunda su aka fi ɗauka. Har yau da sunan waɗannan akwatunan ake kiran babban baƙi da ƙaramin baƙi a Ingilishi, ko da yake yawancin masu faɗa ba su taɓa ganin akwatin ba. Mai jerawa yana tsinto haruffan ɗaya bayan ɗaya, yana jerawa a juye, yana karanta abin da ya jera a baibai.

Ga inda fari ya shigo. A kan takarda, tazarar da ke tsakanin kalma da kalma ba komai ba ce, wuri ne da tawada ba ta taɓa ba. Amma a hannun mai jera haruffa tazarar nan ƙarfe ce. Wani ɗan guntu ne da aka yi shi gajere don kada ya kai ga tawada, sai an tsinto shi an sa, kamar yadda ake tsinto a ko b. Tsakanin layi da layi kuma siririn sandan dalma ake shimfiɗawa, shi ya sa har gobe masu aiki da kwamfuta suke kiran wannan tazarar ledin, da sunan dalmar da ta daɗe da barin maɗaba'a. Farin shafi yana da nauyi, ana saye da kuɗi, ana auna shi da ma'auni ɗaya da baƙin, wato foyin, wanda 72 daga cikinsa ke yin inci guda. Mutumin da ya yini yana ɗaukar fari da yatsunsa ba zai taɓa cewa fari wofi ne ba.

Da yawa daga kalmomin wannan sana'a a kan fari suke magana. Kanin shi ne matso da haruffa biyu ko raba su, domin in aka sa A kusa da W, ko T kusa da a, aka bar su yadda suka zo, sai wani rami ya buɗe a tsakani, ido ya yi tuntuɓe. Gefe shi ne farin da ya kewaye rubutu, inda babban yatsa ke riƙe littafi ba tare da ya rufe kalma ba. In aka tilasta wa layuka su daidaita dama da hagu a ginshiƙi siriri, tazarar kalmomi takan buɗe ta jeru daga sama zuwa ƙasa, farin ya gangaro ta tsakiyar shafi, wannan suna ce masa kogi. Layin ƙarshe na sakin layi da ya tsallaka shi kaɗai zuwa saman sabon shafi, bazawara. Layin farko da aka bari shi kaɗai a gindin shafi, 'yan'uwansa sun wuce gaba, maraya. Wanda ya raɗa waɗannan sunayen yana da tausayi, ko kuwa yana da baƙar dariya. Gwanayen sana'ar kuma suna da wata dabara: sukan riƙe shafi nesa, su ƙanƙance ido har kalmomi su daina karantuwa, su duba tokar da ta rage. Wannan tokar, gaurayen baƙi da fari, ita suke kira launin shafi. In ta yi sumul ko'ina, aiki ya yi. In ta yi dabbare-dabbare, a koma.

Da wannan ma'aunin nake duban fastocin da ke manne a bangunanmu da katunan bikin da ake raba mana, kuma gaskiya yawancinsu tsoron fari suke yi. Mai ba da aiki ya biya kuɗin takarda, saboda haka yana ganin duk inda aka bari fili asara ce. A ƙara hoton angon, a ƙara fure, a sa sunayen iyaye da na manyan baƙi da na ƙananan baƙi, a rubuta wannan da kauri, wancan da rubutun tsutsa, wani kuma a lanƙwasa shi ya yi baka. Yaron da ke gaban CorelDraw yana da salon rubutu ɗaruruwa a na'urarsa, yana jin kunya ya yi amfani da biyu kawai. Sakamakon shi ne kowa a kan takardar yana ihu, ranar ɗaurin auren da aka yi katin dominta kuwa sai an sa tabarau. Ba na ɗora laifin duka a kan yaron. Sau da yawa ya san daidai, mai kuɗi ne ke tsaye a kansa. Shi rubutun tsutsa da ake watsawa ko'ina, asalinsa aikin natsuwa ne: Aldus Manutius ya sa Francesco Griffo ya sassaƙa masa shi a Benis, ya fara buga ƙananan littattafan da za a iya riƙewa a hannu da shi a 1501. Yau aikinsa ya nuna sunan littafi ko ya ɗan ɗaga murya a kan kalma guda. In shafi duka ya kwanta a karkace, babu kalmar da ta ɗaga murya.

Na ambaci manyan baƙi a katin biki, kuma mai karatu bai yi tuntuɓe ba, ya san mutane nake nufi, ba A da B ba. Kunne yana rarrabe su ta karin sauti da tsawon wasali, amma a rubuce baƙi launi da baƙi harafi da baƙi jam'in baƙo duk sura ɗaya gare su, jimla ce ke raba gardama. Wannan mun saba da shi, rubutunmu ba ya nuna kari. Abin da bai kamata mu saba da shi ba shi ne na huɗun da ke shigowa in an yi sakaci. Cire ɗan lanƙwasan da ke kan ƙ, sai baƙi ya koma baki. Baki kuwa, an ce, shi ke yanka wuya.

Ƙugiyar nan ba ta zo da sauƙi ba. Turawan da suka fara rubuta Hausa da boko sun yi ta laluben yadda za su nuna sautukan da babu su a harsunansu. Wasu suka sa ɗigo a ƙarƙashin b da d da k, wasu suka raɓa musu alamar ɗauri a gefe, wasu suka bar su haka nan. Sai a shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar hukumar talifi a Zariya, aka tsaya a kan haruffa masu ƙugiya, aka sa aka zubo su da ƙarfe. Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, da littattafan da Kamfanin Gaskiya ya yi ta bugawa bayan kafa shi a 1945, su suka zaunar da ɓ da ɗ da ƙ a idon jama'a. Nijar ta ƙara ta huɗu, ƴ, inda Nijeriya ke rubuta 'y. Fulfulde tana tarayya da mu a ɓ da ɗ da ƴ, amma ƙ kusan tamu ce mu kaɗai. Zamanin keken rubutu, akawu mai kula yakan gama bugawa ya ɗauki biro ya bi takardar yana ɗora ƙugiya ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda alaramma ke dawowa da jan tawada. Wanda bai kula ba kuwa ya aika da takarda cewa za a yi taro a fada, ko an yi fada a taro, mai karatu ya zaɓa. Kafa da ƙafa, kasa da ƙasa, bari da ɓari, gada da gaɗa: ƙugiya ba ado ba ce, baƙi ne daban mai sautinsa.

Yau uzuri ya ƙare. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, ya daɗe da karɓar namu manya da ƙanana, wayoyin hannu kuma suna da allon rubutun Hausa. Matsalar da ta rage ta masu zana salon rubutu ce. Da yawansu sun zana haruffan Turai sun tsaya, ba su kai ga namu ba. In ka zaɓi irin wannan salon ka rubuta ƙasa, kwamfuta takan yi ɗayan biyu. Ko ta ajiye maka ɗan akwati wofi a gurbin ƙ, ko ta je ta aro ƙ daga wani salon ta cusa. Sai ka ga kalma haruffanta uku 'yan gida ɗaya, na farkon kuwa ya fi su tsawo ko siranta, dungunsa daban, tsayuwarsa daban. Baƙi ya zama baƙo a cikin kalmarsa. Yaron da ke sauri, da ya ga haka, sai ya goge ƙugiyar ya huta, a buga fasta dubu da baki a inda ake nufin baƙi. Alhali magani yana kusa kuma kyauta ne. Jerin Noto na Google an yi shi ne musamman don kawar da akwatin nan. Charis da Andika na ƙungiyar SIL suna ɗauke da ƙugiyoyinmu duka, kuma ita wannan ƙungiyar ta fitar da wani salo na ajami mai suna Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun Kano. Zana ƙugiya mai kyau ma gwaninta ce. A ƙananan ɓ da ɗ da ƙ dama take lanƙwasawa daga saman sanda, a manyan Ɓ da Ɗ hagu take leƙawa, a babban Ƙ kuma kan hannunsa na sama take. In ta yi ƙanƙanta ta ɓace a ƙaramin bugu, in ta yi girma ta ci farin maƙwabcinta.

Masanan da suka tsara mana ƙa'idojin rubutu sun nuna cewa harshen bai gaza ba. Sun ba mu aya da waƙafi, ruwa biyu da waƙafi mai ruwa, baka biyu, karan ɗori, alamar motsin rai, sakin layi. Sun dubi ky da gw suka ce baƙaƙe masu goyo. Karan ɗori kaɗai ya isa shaida: ɗan karan da maɗori ke ɗaure karaya da shi, ga shi yana riƙe gaɓoɓin kalma biyu. Irin wannan idon ne ya ga likkafa a cikin ainu. Abin da ya rage shi ne ɗakin masu tsara shafi, inda har yanzu maigida ke ce wa yaronsa ya ƙara ledin, ya gyara kanin, ya canza font. Ba na ƙin aron kalma, tawada da alƙalami ma aro ne, sun zauna sun zama 'yan gida. Amma dungu da kogi da maraya da launin shafi ba sa bukatar aro, suna nan a baki, jira suke a ɗauka.

Kai kuma mai kai aiki maɗaba'a, ko littafi ne ko kalanda ko katin suna, kafin ka ce a buga, ka roƙi mai tsarawa ya rubuta maka Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ a cikin salon da ya zaɓa, ka duba da idonka ko sun yi kama da sauran. In ba su yi ba, a sauya salon, kada a taɓa ƙugiyar.